Amsar tambayar gida da mota, ga mai shirin kai iyali Ingila

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, barkanmu da warhaka. Ƙanina, na saurari saƙonka. Ka ce maman yara ta samu aikin nas a wani asibiti a Birmingham, za ku tashi ku huɗu, da yaro ɗan shekara shida da ƙanwarsa 'yar shekara biyu. Bayan biza da tikiti kuna da kamar fam 8,000 a hannu, kana so ka raba biyu, rabi gida rabi mota. To Allah Ya sanya alheri. Amma wannan rabon, gaskiya ban yarda da shi ba. Ka ji dalili.

Mu nan Kumasi mun saba da adibans. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida, amma kowa ya san na shekara biyu ake ajiyewa. Ka sha wuya sau ɗaya, ka kwanta ka yi barcinka har wa'adi ya zagayo. Can ba haka ba ne. Kuɗin shiga ba shi da nauyi sosai, wata-watan ne ke karya mutum, don ranar biya ba ta san uzuri ba, daga banki ake cira kai tsaye.

Mu ɗauka ka samu gida mai ɗaki biyu a fam 1,000 a wata, misali nake ba ka. Tun 2019 doka ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar, wato wajen fam 1,150 ke nan, kuma dole ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ka nemi takardar shaida, haƙƙinka ne. Ka ɗora hayar watan farko, ka ga 2,150 sun tafi kafin a miƙo maka makulli. Kuma yawancin gidajen iyali wayam suke, ba gado ba katifa, wani ko labule babu. Kada ka sayi sabo. Shagunan sadaka suna nan cike da kujeru da tukwane masu kyau, 'yan uwa kuma a masallaci kullum akwai mai neman wanda zai kwashe masa tsohon gado.

Wahalar gaske ita ce a yarda a ba ka gidan. Dillalan can suna so su ga albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata, ga shi ku baƙi ne, ba ku da tarihin biyan komai a ƙasar. Sai su ce a kawo mai tsaya muku. Shi ya sa tun yanzu maman yara ta rubuta wa asibitin ta tambaya: kuna ba da masauki? Na tsawon wane lokaci? Da iyali ko ita kaɗai? Wasu asibitocin ɗaki guda suke bayarwa na ɗan lokaci, ba a shiga da yara. In haka ne, ba abin kunya ba ne ta riga ku tafiya ta kama gida, ku biyo baya. Ta kuma tambayi nawa za a biya ta kafin ta ci jarrabawar OSCE, wato gwajin aikin nas a aikace, ta samu lambar rajista, don sau da yawa albashin farkon ya fi ƙanƙanta. Da shi za ka yi lissafi, ba da wanda ke cikin mafarki ba.

Don Allah kada ka tura wa kowa sisin kwabo daga nan saboda hoton gida a Facebook. Sai wani naka ya shiga da ƙafarsa. In ya shiga, ya janye kwabar kaya daga jikin bango ya leƙa bayanta, ya shafa ƙasan taga, ya ɗaga labulen bayi. In ya ga baƙin ɗigo-ɗigo, ko ya ji warin danshi, ya fito. Yarinya 'yar shekara biyu a irin wannan ɗaki, tari ne daga Nuwamba har Maris. Kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga A zuwa G. Mai araha da ke can ƙasa, abin da ka rage a haya gas zai cinye shi da sanyi.

Sannan ga harajin ƙaramar hukuma, kansul tas, wanda ɗan haya ke biya ba mai gida ba. Birmingham ma sun ƙara shi da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, bayan hukumar garin ta shiga matsalar kuɗi. Ga wuta, ga gas, ga ruwa, ga intanet. Kuma bizarku an rubuta ba ku da rabo a tallafin gwamnati. Abu biyu sun sauƙaƙa muku: makarantar babban kyauta ce, sannan masu bizar aikin lafiya ba sa biyan kuɗin asibitin nan na fam 1,035 a shekara da sauran baƙi ke biya. Ita ƙaramar fa, renonta a wajen masu reno tsada gare shi ƙwarai, sai dai ku tsara lokutan aikinku kai da mamanta.

Yanzu mota. Na san abin da ke ranka, borga, wato namu mai zaman Turai, ba mota ai bai cika ba, ko? Ka yi dariya, amma ka saurara. Lasinka na Ghana zai yi maka aiki wata 12 ne kacal daga ranar da ka zauna, kuma Ghana ba ta cikin ƙasashen da ake musanya wa lasin. Sai ka zauna jarrabawa daga tushe: lasin koyo fam 34, ta rubutu 23, ta tuƙi 62, ban da kuɗin malami, kuma layin jira yana da tsawo, don haka ka nemi rana da wuri. Su hannun hagu suke bi, mu kuwa tun 1974 muka koma dama. In ka yi jarrabawar da mota otomatik, otomatik kaɗai za a yarda ka tuƙa.

Sayen motar ba shi ne abin tsoro ba, inshora ce. Can ba sitika ba ce da ake mannawa a gilashi a wuce. Suna duban direban, da unguwarsa, da shekarun da ya yi bai yi haɗari ba, kai kuma a littafinsu sifili kake. Tsohuwar mota, inshorarta ta shekara tana iya fin kuɗin da ka saye ta. Ka hau babu, tarar fam 300 da maki shida a lasin, kuma 'yan sanda na iya ɗauke motar. Ga gwajin lafiyar mota, MOT, duk shekara, ga harajin hanya, ga kujerun yara, don doka ta ce sai yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135. Tsakiyar Birmingham kuma, tun 2021 tsohuwar mota mai hayaƙi fam 8 take biya kullum ta shiga, dizal ɗin da ta girmi 2015 galibi ta faɗa ciki. In ta lalace, babu Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da za ka tura ta makanike ya ɗaɗɗaura maka ka ba shi na koko. Makanike da awa yake caji.

Da ni ne, 2,200 na shiga gida, kamar 800 na kayan ɗaki da rigunan sanyi, sauran a kulle su a matsayin haya da abincin wata uku, kada a taɓa. Ku nemi gida inda bas ɗaya ke kai ta asibiti, makaranta kuma a taka da ƙafa. Wajen Small Heath ko Sparkbrook akwai masallatai da naman halal, amma nisan wurin aikinta shi ne ma'auni, ba inda abokai suke ba. Mota sai kai ma ka fara aiki, ka ga albashi ya shigo sau uku ko huɗu, sannan ka saya da kuɗi hannu, ka huta da bashi mai ruwa.

Mutanen gida kuma, ka gaya wa su Mma tun kafin ka hau jirgi cewa wata shidan farko ba aike. Za a yi gunaguni, za a daina.

In an turo muku sunan unguwa, ka jefo mini a keɓe in tambayi yaranmu da ke can. Ka gaida maman yara. Sai na ji ka.