Furfurar gyatuma: 'yar'uwar alayyahu da ba ta shiga tukunya

Tambaya daga wani manomi a gefen Tawa: "Akwai wata farar ciyawa mai gashi kamar auduga da ta cika mini gefen gona, wurin da ƙasa ta gaji. Kakata tana ce mata furfurar gyatuma. Wani yaro ɗan makaranta ya ce dangin alayyahu ce. Gaskiya ne? In haka ne, a yi miya da ita, ko in tuge ta?"

Malam, yaron bai yi ƙarya ba. Furfurar gyatuma, wadda wasu ke kira alhaji saboda farinta, gida ɗaya ta fito da alayyahu da rukuɓu da ƙaimin ƙadangare. Masana tsirrai suna ce mata Aerva javanica. Wani Bature mai suna Burman ne ya fara rubuta ta a 1768, ya laƙaba mata sunan tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, alhali gidanta na gaskiya busassun ƙasashe ne, daga Sahel har Makka da Indiya.

In kana son ka ga zumuncin da idonka, jira kaka ta wuce, ka tsinko zangarniya ɗaya da ta bushe, ka murje ta a tafin hannu, ka hura a hankali. Gashin zai tashi, ya bar maka 'yan ƙwayoyi masu duhu da sheƙi, ƙanana ƙwarai, kamar irin alayyahun da masu lambu ke ƙullawa a tsumma. Sai dai a wuri ɗaya sun saba: alayyahun lambu yana ɗauke da furen namiji da na mace a jikin tsiro guda, ita kuwa namiji daban, mace daban. Macen ce mai dogayen zangarniyoyi masu yawan gashi.

Batun miya, bar shi. Dangi ba ya sa a zama ɗaya, ganyenta duk gashi ne, ba ganyen tukunya ba ne. Awaki da raƙuma su ke moronta, musamman da rani in kiwo ya yi wuya.

Wannan furfurar kuma ba ado ba ce. Farin gashin yana mayar da zafin rana, yana kuma tare iska a bakin 'yan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, don haka ruwan jikinta ba ya tsiyayewa da sauri. Yadda take sarrafa hasken rana ta yi abinci ma irin na hatsi da dawa ne, wanda ba ya ɓarnar ruwa. Ga saiwa mai nitsewa ƙasa. Shi ya sa a watan huɗu, lokacin da Adar, wato yankin Tawa, ta ƙone ƙurmus, za ka gan ta tsaye kan fako da tsakuwa, tsayinta ya kai ƙugu, ko a jikinta.

Mutanen da sun san amfanin gashin. A ƙasashen Larabawa da wurare da dama na Sahel ana cusa shi cikin matashin kai da shimfiɗar sirdi, inda babu audugar rimi. Ta kai har Ostareliya, inda ake danganta zuwanta da kayan raƙuman da aka kai can a ƙarni na 19, daga baya kuma aka riƙa shuka ta da gangan don rufe ƙasar da kiwo ya cinye.

To, a tuge ta? Wadda ta shiga tsakiyar shuka, nome ta tun kafin ta yi fure, don iska na kwashe irinta ta watsa ko'ina. Amma ta gefen gona da bakin kwazazzabo, ni dai ba zan taɓa ta ba. Ba ita ta gajiyar da ƙasarka ba, ta tarar da ita a gajiye ne. Leƙa gindinta bayan iskar hunturu: za ka tarar da ɗan tudun rairayi da karmami da kashin awaki da ta tare. In za ka yi tassa, wato 'yan ramukan shuka masu tare ruwan sama, a wurin bana, fara haƙa daga nan.