Kitsen jinin Baba mai wankin ƙoda

'Yar'uwa, kin ce ana yi wa Baba wankin ƙoda a asibitin Shika, takardar gwaji ta nuna kitsen jininsa ya hau, amma likita bai ba shi maganin kolestarol ba, kina tambaya ko sakaci ne. A ganina ba sakaci ba ne.

Idan ƙoda ta gaza, sinadarin da ke narkar da kitse a cikin jini yakan yi rauni. Shi ya sa a wurin masu wankin ƙoda kitsen da ake kira tiraigilisarayid ne ke yawan hawa, kolestarol mai kyau, wato HDL, ya sauka, shi kuwa kolestarol mara kyau, wato LDL, sau da yawa yana nan daidai. Duba takardar, ki ga wanne ne ya hau.

Maganar magani kuwa, an gwada statin, wato maganin rage kolestarol, a kan masu wankin ƙoda a manyan bincike biyu, na Jamus a 2005 da wani a 2009. LDL ya sauka, amma mutuwa ta ciwon zuciya ba ta ragu sosai ba. Don haka ƙa'idar 2013 ta KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, ta ce kada a fara shan statin bayan an shiga wanki. Wanda ya riga ya fara sha kafin ya shiga wanki sai ya ci gaba.

Abin da na fi tsoro shi ne a hana Baba nama gaba ɗaya. Mai wankin ƙoda yana buƙatar nama da farin ƙwai, ramewa ta fi wannan kitsen haɗari. Rage masa lemon kwalba, shayi mai sukari cokali uku, da man shanun da ake malala wa tuwo. Ranar wanki ki tafi da takardar, ki tambayi likita.