Kafin ka sa diga, nemi masai

Ka tambaye ni me ya sa nake zagaya gidaje ina leƙen masai kafin mu fara haƙa, wai amai da gudawa aikin likita ne, ba na mai haƙar rijiya ba. Kai yaro, ba don ka fama mini tsohon miki ba, da ko tanka maka ba zan yi ba.

Na taɓa haƙa wa wani mai kuɗi rijiya. Ruwa garau, na ɗaure ta da siminti, na yi mata dakali. Na ja masa kunne: masai ya yi nisan mita 30, kuma kada a tona shi ta saman gangare. Ya ce ya ji. Ina juya baya ya gina ɗakunan haya, ya tona shadda taku goma daga bakin rijiyar, a kan tudu kuwa. Rani ya wuce lafiya lau. Damina na sauka, ruwan ƙasa ya taso ya haɗe da na shadda. Ga shi ba duk mai ɗauke da kwalara ke kwanciya ba, wani yana yawonsa ras, yana zubar da ƙwayar cutar a bayan gida har kwana goma. Aka fara kwasar 'yan haya zuwa asibiti. Maƙwabta kuma kowa ya tsoma gugarsa, ya je ya juye a randar gidansa. Likita na sallamar biyu, rijiya na aiko masa da biyar.

Wa aka ɗora wa laifi? Ni. Mutumin nan ya danne rabin kuɗina, ya bi gari yana cewa rijiyar guba na haƙa. Shekara biyu ba wanda ya kira ni aiki a wannan yanki. Har gobe ban yafe ba.

Ko a Landan, a 1854, da kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwa ɗaya, likita John Snow bin gidajen mamatan ya yi, ya gano famfo ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba.

Murfi, guga ɗaya, sinadarin kulorin, wannan ko wawa ya sani, kada ka ɓata mini yawu. Ku yaran yanzu, ido na kan waya, ku dai a nuna muku wuri ku tona. Gobe da sassafe ka ɗauki igiyar awo, ka auno mini masan gidajen nan uku, ka duba ta ina ruwan sama ke gangarowa.