Hukuncin Duba Bayanan Marasa Lafiya Don Gano Illar Magani

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar jami'a ce a nan Kaduna, a fannin harhaɗa magunguna. Muna son duba bayanan dubban marasa lafiya da asibiti ya adana a kwamfuta, don mu gano ko wani maganin hawan jini yana taɓa ƙoda. Masu bayanan ba su sani ba, wasu ma sun rasu. Wannan ba cin amana ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, aikin ya halatta, amma da sharaɗi.

Asali, duk abin da majinyaci ya faɗa wa likita amana ne, kuma Allah ya yi umarni da a mayar da amanoni ga masu su (Nisa'i, aya ta 58). Mutuwa ba ta sauke wannan nauyin. Sai dai Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta yi togaciya: ana iya buɗe sirrin likita idan ɓoye shi ya fi cutarwa, ko don maslahar jama'a, gwargwadon buƙata. Ƙa'idar tana cikin hadisin "la darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa.

Maslahar kuwa a fili take. Kafin magani ya shiga kasuwa, mutane kaɗan ake gwada shi a kansu, wata illar ba ta bayyana sai jama'a sun daɗe suna sha. Maganin ciwon gaɓoɓi Vioxx sai a 2004 aka janye shi saboda haɗarin bugun zuciya, kuma nazarin bayanan marasa lafiya a Amurka yana cikin abin da ya nuna haɗarin. Na san mutanenmu ba su manta da gwajin Trovan a Kano a 1996 ba, amma kada a haɗa su. Can magani aka ba yara, ke kuwa rubutun abin da ya riga ya faru za ki karanta.

Sharaɗin shi ne a cire suna, lambar waya da adireshi kafin bayanan su iso hannunki, kuma kwamitin da ke tantance bincike a asibitin ya amince. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta sassauta neman izini ne inda ba za a gane mai bayanin ba.

Inda nake jin tsoro shi ne nan: goge suna kaɗai ba ya isa a gari irin namu. Idan aka bar shekaru, unguwa da cuta mai wuyar samu, ɗan Tudun Wada ko Unguwar Rimi zai iya cewa ai wance ce. To in kin gane wani, bakinki ya mutu. Ko da mijinki ne ya tambaya, ko ana binciken neman aure, haramun ne ki faɗa, domin ba don wannan aka buɗe miki ba. Haka kwafe bayanan a waya ko tura wa ɗalibai ta WhatsApp, sakaci ne da amana.

Idan kuma kun tabbatar maganin yana cutarwa, ɓoyewa don gudun ɓata wa kamfani ko mai ɗaukar nauyin binciken rai bai halatta ba. Ku sanar da hukumar NAFDAC da likitocin da ke rubuta shi.

Wallahu a'alam.