Anti, Zaman Ɗaki Ya Ishi Yarana a Manchester

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, wata takwas ke nan da muka biyo maigidana Manchester inda yake karatu. Yarana uku: babbar shekararta 7, sai mai 4, sai na goye. A bene muke zaune a unguwar Rusholme, babu tsakar gida. Daga makaranta sai ɗaki, sai waya da talabijin, har maƙwabcinmu na ƙasa ya fara ƙorafin tsalle-tsallensu. Ina son fita da su, amma ruwa ba ya ɗaukewa, ga tsoron karnuka, kuma ban san kowa ba. Ina zan kai su da ba sai na kashe kuɗi ba? Daga Maman Uku.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin na yi shekara shida a garin nan, kuma sanyin farko haka na yi shi a ƙulle da yara biyu, ina leƙen taga ina jiran rana ta fito. Wanda zai jira rana a Manchester zai daɗe bai taka ƙofa ba. Sai da ɗana ya fara kukan ciwon ƙafafu da dare, likita ya auna jininsa ya ce bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa, sannan na farka. Ki fara da wannan: hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar yara masu shekara 1 zuwa 4 su riƙa shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum, mu masu baƙar fata kuma, manya da yara, shekara gaba ɗaya, saboda hasken ranar Ingila daga Oktoba zuwa Maris ba ya wadatar da jiki. Ki tambaya a kantin magani, ba shi da tsada.

Wurin zuwa kuwa yana bakin ƙofarki. Ki bi titin Wilmslow ki yi kudu, da kin wuce jerin gidajen abincin nan na halal za ki ga Platt Fields. Shiga kyauta ne. Akwai tafki da agwagi, akwai lilo da abin zamiya, akwai fili da yaro zai yi gudu har ya gaji. Ki zuba wa yaran ɗan hatsin ots ko koren wake a leda su watsa wa agwagin, ya fi musu burodi amfani. Mai shekara 4 ɗin nan taki, wannan kaɗai zai riƙe ta rabin awa.

Maganar ruwa maganar tufafi ce. Kowane yaro ki nema masa rigar ruwa mai haɗe da wando, da takalmin roba mai dogon wuya, da safa mai kauri. A shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ake samunsu da araha. Keken jaririn ki sa masa ledar rufi. Na tuna ranar da na fara barin 'yata ta daka tsalle cikin kududdufi: taɓo har goshi, tana dariya tana neman ƙari, ni kuwa hannuna na kan fulas ɗin shayi zuciyata na cewa mura za ta kama ta. Muka koma gida ta ci tuwo ta yi barci tun kafin isha'i, washegari garau.

Karnuka kam gaskiyarki, suna da yawa, kuma wasu ba igiya a wuyansu. Ki koya wa yaran abu ɗaya tun daga gida: idan kare ya tunkaro, kada su gudu, kada su yi ihu, su tsaya cak su naɗe hannu a ƙirji. Gudu ne ke sa ya bi yaro, a zatonsa wasa ne. Ke kuma ki ɗaga murya cikin ladabi ki ce wa mai shi ya kira karensa, yawancinsu nan take suke yi. Wuraren wasan yara masu shinge galibi an hana shiga da kare, sai ki fara da can har tsoron ya ragu. Idan kuma tsarki ne damuwarki, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne. Ki ƙara tuntuɓar malami don zuciyarki ta natsu.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne lokaci. Ki zaɓi rana biyu a mako, ki riƙa zuwa a sa'a ɗaya, misali da an taso makaranta, domin a watan Disamba rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe 4. A gida dandali ne ke haɗa yara, uwa tana ɗaki maƙwabta na sa ido. A Ingila kuwa ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai a waje, dole ki tsaya a kansa, kuma a wannan tsayuwar ake yin sabo. Fuskokin da kika gani yau su za ki sake gani mako mai zuwa. Aminiyata ta farko a garin 'yar Somaliya ce, a bakin lilo muka haɗu, na miƙa wa ɗanta cincin, ita ta nuna mini inda ake sayar da garin masara.

Ranar Asabar da maigida ke da sarari, ku hau Metrolink, jirgin ƙasa na cikin gari, mai zuwa Bury ku sauka a tashar Heaton Park. Fili ne da ya kai eka 600, hukumar birnin ta saye shi tun 1902, akwai dabbobin gona da yara za su gani, yaran ƙasa da shekara 5 kuma ba a biya musu kuɗin jirgi. Ki dafa dafa-duka ki zuba a kula, ki ɗauki dadduma da gorar ruwa ta alwala, don bayinsu babu buta. Ranar da iska ta haɗu da ruwa har lema ba ta tsayawa, ku shiga gidan tarihi na Manchester Museum da ke titin Oxford, shi ma kyauta ne, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, ga kuma kwaɗi masu rai a cikin gilashi. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda babbar ta yi da karnukan.