Na karance handawut sau uku, amma na ci 5 cikin 15 a kemistiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar aji ɗaya ce a jami'a, ɓangaren kimiyya. A WAEC na samu B3 a kemistiri, amma gwajin farko na CHM 101 sai na tashi da 5 cikin 15, alhali sau uku na karance handawut ɗin, har kwana na yi a aji daren gwajin. Zazzaɓi kuma ya sa na rasa lakca uku da firatikal ɗaya. Malaminmu ya ce wanda halartarsa ba ta kai kashi 75 ba ba zai zauna jarabawa ba, kuma shi ba ya maimaita wa kowa gwaji. Ƙawata ta ce in kwafi rahoton firatikal ɗinta in miƙa. Malam, kwas ɗin nan ya riga ya kuɓuce min ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kwas bai kuɓuce miki ba. Amma tunda kemistiri muke magana, bari mu ajiye lallashi mu yi lissafi.

A yawancin jami'o'in Najeriya maki 30 ake ware wa gwaje-gwajen tsakiyar zango, 70 na babbar jarabawa. Wasu kuma 40 da 60 suke yi, sai ki duba takardar tsarin kwas ɗinku. In 30 ne, akwai sauran 15 a gabanki. A ce kin ci 11 a gwaji na biyu, kin haɗa 16 ke nan. Daga nan 44 cikin 70 ya kai ki B (jimla 60), 54 kuma ya kai ki A (jimla 70). Maki goman da kika zubar sun yi zafi, amma ba su rufe ko ƙofar A ba.

Inda nake so ki ji tsoro shi ne halarta. A manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, CHM 101 yunit biyu ne, awa 30 na lakca a zango, CHM 107 kuma, wato firatikal, yunit ɗaya. In lakcar awa biyu ake muku sau ɗaya a mako, zama 15 ke nan a rubuce. Kin rasa uku, saura 12, kashi 80 cikin ɗari. Ki ƙara rasa ɗaya tak, kin faɗo 73. Kuma kowa ya san zango a ƙasar nan ba kasafai yake cika mako 15 ba. In zama 12 aka yi, to a kan layin 75 ɗin kike tsaye cif. Saboda haka daga yau babu biki, babu suna, babu "bari in leƙa gida in dawo Litinin". Kada kuma ki sa kowa ya rubuta miki suna a takardar halarta. Rana ɗaya malami zai ƙirga kawuna ya ƙirga sunaye, su ƙi daidaita.

Maganar rashin lafiya kuwa, hanyarta daban. Malamin da ya ce ba ya maimaita gwaji yana toshe wa masu uzurin ƙarya hanya ne, a ajin da ɗalibai suka haura ɗari biyar dole ya faɗi haka. Amma jami'a na da ƙa'ida ga wanda ya kwanta da gaske. Ki je asibitin makaranta ki karɓi takardar shaida. In a gida aka duba ki, ki kai takardar can su tabbatar da ita. Ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodinetan ajinku, ki riƙe kwafi ɗaya a jakarki. A makon nan za ki yi, ba bayan an liƙa sakamako ba, don a lokacin kowa ma cewa zai yi ya yi zazzaɓi. Sannan ki sami mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ki gaishe shi da ladabi, ki tambaya ko akwai rukunin da bai yi wannan firatikal ba tukuna. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

Rahoton ƙawarki kam, ki bar mata abinta. Mu da muke duba rahotannin nan mun san yadda gaskiya take fitowa a takarda. Ɗalibai biyu, kowa da nasa buret, wato bututun gilashin da ake auna ruwan sinadari da shi, ba sa samun 23.40, 23.35, 23.40 iri ɗaya sak. Na taɓa riƙe rahotanni shida da suka rubuta sunan sinadari guda da kuskuren harafi ɗaya, a layi ɗaya. Dukansu suka ci sifili, har da wanda ya yi aikin da guminsa. Wato ba kanki kaɗai za ki jefa rami ba, har da ita mai son taimakonki. Rasa firatikal ɗaya 'yan maki ne. Gurfana gaban kwamitin satar jarabawa kuwa kan kai mutum ga dakatarwa ko kora.

To, mu dawo kan 5 ɗin nan, don a nan ainihin ciwon yake. Kin ce kin karance handawut sau uku. Na yarda. Tambayata ita ce, tambayoyi nawa kika warware da biro, littafi a rufe? Ina jin amsar ba ta wuce yatsun hannu ba. Karatu na uku yana da wata yaudara: ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ce miki "na sani". Sanin fuska ne kawai, kamar mutumin da kike gani kullum a tashar Keke amma ba ki san sunansa ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sannan aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya, waɗanda aka wahalar da tunowa suka wuce su. Ni kam dariya na yi da na fara karanta binciken, domin alaramman makarantar allo ya daɗe da sanin haka. Ba ya barin yaro ya wanke allo don ya ƙura masa ido. Sai ya kife allon ya kawo hadda da ka, gobe kuma a koma tilawar baya. Ku ne kuka shigo jami'a kuka watsar da dabarar da kuka tashi da ita.

Sai dai kemistiri ya ɗara hadda da taki ɗaya. Abin da ake haddacewa a CHM 101 kaɗan ne: sinadarai 20 na farko a jadawalin da Mendeleev ya fara tsarawa a 1869, da alamominsu, da cajin ayon da ake yawan haɗuwa da su, da 'yan ƙa'idoji. Babu mai neman ki haddace duka 118. Saura duk aiki ne na hannu, kuma ginshiƙinsa mol. Duk ɗalibin da na gani yana tangal-tangal a wannan kwas, in na tona sai in tarar mol ne bai zauna masa ba, ya tsallake ya tafi gas da asid, gini a kan yashi.

Mol ba wani aljani ba ne, ƙirga ne, kamar dozin ko kiret ɗin ƙwai. Kiret 30 ne, dozin 12, mol kuma 6.022 × 10²³. Kiret ɗin ƙwan zabi da na talo-talo duk 30 ne amma nauyinsu ba ɗaya ba. Haka mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishiri kuma 58.5. Ɗauki biro mu gwada da abin da kika sani. Buhun takin yuriya mai kilo 50, an rubuta 46% a jikinsa. Daga ina lambar ta fito? Yuriya ita ce CO(NH₂)₂. Ga nauyin kowanne: kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. Raba 28 da 60, kin sami kashi 46.7. Ma'ana a buhun nan da mahaifinki yake biyan kuɗi masu yawa, wajen kilo 23 ne abincin da masara take nema. Na sha ba da wannan a gwaji, kuma kuskuren kullum ɗaya ne: a manta cewa 2 ɗin da ke wajen baka ya shafi N da H duka, sai ka ga an kawo 44 ko 46 a maimakon 60. Irin wannan tuntuɓen, karanta handawut sau goma ba ya nuna miki shi. Sai kin yi shi da hannunki a ɗaki, kin ji haushin kanki, sannan ba za ki sake yinsa a zauren jarabawa ba.

Na biyunsa ma'auni. Ki rubuta giram, mol, cm³ a gefen kowace lamba, ki riƙa soke su kamar yadda ake soke lambobi. In aka ce cm³ 25 na ruwan NaOH mai ƙarfin mol 0.1 a kowane dm³, amsa mol 0.0025 ce. Wanda ya manta rabawa da 1000 sai ya rubuta 2.5, ya ja layi biyu a ƙasa da alfahari. Mol 2.5 na NaOH giram 100 ne na sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, wai a cikin ruwa cokalin shayi biyar! Kafin ki ja layi, ki tambayi amsarki ko hankali zai ɗauka.

Game da lokaci, kwanan aji da kuke kira TDB shi ya ƙarasa ki. Ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba tana iya amayo ma'anar kalma, amma lissafi mai hawa uku ya fi ƙarfinta. Ga kowace awa ta lakca ki ba da kamar awa biyu naki, awa huɗu ke nan a mako, a rarrabe: minti arba'in bayan asuba, kwana shida. Ranar da aka yi lakca, kafin ki kwanta, ki ɗauki farar takarda ki rubuto abin da kika tuna, sannan ki buɗe littafi ki ga inda ya zube. Misalin da malami ya warware a allo, ki rufe amsar ki sake shi da kanki. Ki keɓe shafukan bayan littafinki don kurakurai kawai, kowanne da dalilinsa. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani in kin kafa agogo kin amsa su da kanki. Haddace amsoshinsu kuwa ɓata lokaci ne, lamba ɗaya za mu canza. Tutoriyal ma haka. In zuwa za ki yi ki zauna wani ɗan aji uku yana ta bajinta a allo kuna tafi, kallo kika je. Gara ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki alli bi da bi. Kalkuletar da za ki shiga jarabawa da ita kuma, da ita za ki riƙa aiki tun yanzu, ba da waya ba. Na ga waɗanda suka rikice a zaure don ba su san inda maɓallin ×10ˣ yake ba.

Kada ki ce ai yunit uku ne kacal. Ɗalibin da ya ɗauki yunit 20 ya ci B a duka, GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, 4.00 ne. In ya faɗi kemistiri da firatikal ɗinsa, ya sauko 3.40, ga kari-oba, wato maimaita kwas ɗin, yana jiransa baɗi, lakcarsa na cin karo da ta aji biyu.

In kin koma ɗakin gwaje-gwaje, ki sa rufaffen takalmi, ki tura hijabinki cikin farar rigar ki ɓalle maɓallai, don bakin mayafi da wutar Bunsen ba sa ga maciji. Asid ake zubawa a ruwa, a hankali, ba ruwa a kan asid ba. Kada ki zuƙi komai a fifet, siririn bututun ɗibar sinadari, da baki ko da kin ga wasu na yi. Lambar da buret ya ba ki, ita za ki rubuta da biro nan take, ko da ta saɓa da ta kowa a teburin. Ki yi bayanin abin da kike zargin ya jawo bambancin, akwai maki a kan hakan.

Ga aikin gida kafin gwaji na biyu. Amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, shi ma taki ne, kuma nauyin salfa 32 ne. Ki nemo kashin naitirojin da ke cikinsa, sannan ki faɗa min kilo nawa manomi zai saya kafin ya sami abin da buhun yuriya ɗaya yake bayarwa. Ki turo min da matakan aikin duka, har da wuraren da kika soke.