Ɗana ya saci waya: shin akwai haddi a kansa, kuma zan iya kai shi gidan mari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Ɗana mai shekara 14 ya saci waya a kasuwa, aka kama shi aka lakaɗa masa duka. Ya riga ya sayar da ita ya kashe kuɗin. Wani ya ce a Musulunci hannunsa ya kamata a yanke, ƙannena kuma sun ce in kai shi gidan mari. Mai wayar yana bi na. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya shirya maka shi, Ya yaye maka wannan damuwa.

Wanda ya ce a yanke hannu ya yi saurin baki. Abu Dawud ya ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Don haka babu haddi a kan wanda bai balaga ba. Ana gane balaga da mafarki ko tsirowar gashin mara. Idan ba su bayyana ba, mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne shekara 18. Shafi'iyya da Hambaliyya suka ce 15, saboda an mayar da Abdullahi ɗan Umar ranar Uhudu yana ɗan 14, aka karɓe shi ranar Handaƙ yana ɗan 15. Ko da ma ya balaga, haddi aikin alƙali ne bayan ya binciki nisabi (ko darajar abin da aka sata ta kai a yi haddi) da ma'ajiya (ko daga inda aka adana shi aka ɗauke) da shaidu, ba na taron 'yan kasuwa ba. Dukan da suka yi masa zalunci ne.

Sai dai ɗauke alƙalami bai shafe haƙƙin mutane ba. Kuɗin wayar na kan yaron: a biya daga dukiyarsa, in ba shi da komai ya zama bashi a wuyansa. Kai kam, shari'a ba ta tilasta maka biya ba, amma ni da ɗana ne, da na biya. Ka tafi da shi, ka sa kuɗin a hannunsa, ya miƙa wa mai wayar da kansa ya ba shi haƙuri, sannan ya yi aikin da zai mayar maka da su kaɗan-kaɗan. Wannan kunyar ta fi bulala shiga jiki.

Gidan mari kuwa, ba na ba ka fatawar kai shi. Ladabtarwa halal ce, amma tana da iyaka. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin wuce bulala goma in ba a haddi ba, to ina ga sasari a ƙafa wata da watanni? Mu 'yan Kaduna ba labari aka ba mu ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya irin taka.

Idan magana ta kai ga hukuma, ka san haƙƙinsa. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, kuma duk wanda bai kai 18 ba yaro ne a wurinta: ba a tsare shi tare da manyan masu laifi. Gidan horar da kangararru na Barnawa an tanade shi ne don 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma kotu ke tura mutum can, ba fushin uba ba. Ka nemi sulhu tun a ofishin 'yan sanda, ka sa mai unguwa ko limaminku a ciki.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba: me ya yi da kuɗin? Ka zaunar da shi ka tambaya ba da tsawa ba. Idan ƙwaya ce ko abokai ke aika shi, to can matsalar take, kuma likita da raba shi da wannan majalisar sun riga komai.

Wallahu a'alam.